Watanni Ukun Da Ba A Karanta Mitarmu Ba

Ni ba ɗan boko ba ne, gara in faɗa tun farko. A aji biyar na firamare na tsaya, na shiga sayar da tayar gwanjo a Kano, kuma da kuɗin taya na biya wa matata karatu tun daga sakandare har ta zama malama a kwaleji. Da gwamnati ta ba ta kuɗin ƙaro karatu a Malesiya, mahaifinta ya ce ba za ta haye ruwa babu muharrami ba. Na bar wa ƙanena shago, na bi ta da 'ya'yanmu mata biyu. A takardar zama, ni wanda ake riƙo ne, kamar yaran. Dokar ƙasar ta hana irina aiki. Shekarata arba'in da bakwai a lokacin.

A unguwar Cheras muka zauna, hawa na goma sha ɗaya, ɗaki biyu da falo. Da safe ita ta hau jirgin ƙasa zuwa makaranta, yara su tafi tasu, ni in zauna da gida. Cefane nawa ne, shara tawa ce, takardun ruwa da na wuta nawa ne. Makullin akwatin wasiƙu da ke ƙasa kusa da lif a aljihuna yake kwana. Abin da ya rage min na maigida ke nan, na kuwa riƙe shi da haƙori. Ina ce mata Dakta tun ba ta zama ba, ita kuma idan tana son tsokanata sai ta ce min Manaja.

Kuɗin wuta a can ba a bin layi a biya. An haɗa lambar mitarmu da asusunta na banki. Duk wata mai karanta mita zai zo ya bar 'yar doguwar takarda, bayan kwana kamar goma banki ya zare kuɗin da kansa, ba sallama, sai dai wayarta ta yi ƙara. Asusun ɗaya ne a gidan, kuma nata ne. Nan alawus ɗinta yake faɗawa idan an ga dama an turo daga gida, nan haya take fita, nan kuma take tara abin da muke kira kuɗin fasfo. Duk tsakiyar shekara ake sabunta mana biza mu huɗu, da inshora da sauran tarkace, kuma a dunƙule ake biya a ofishin makarantarta. Tun farkon shekara take matse bakin aljihu saboda kuɗin nan. Wanda bizarsa ta mutu a ƙasar nan ba baƙo ba ne kuma, mai laifi ne.

Ƙasar babu sanyi. Akwai watannin ruwa a ƙarshen shekara, da fanka kaɗai ta isa, bil ya sauko ƙasa da ringit ɗari biyu, kuɗin ƙasar. Akwai kuma watannin da ke biye, da rana take zama a kan gini kamar an biya ta, dole a kunna wa yara esi su samu barci, bil ya hau. Shekarar farko mun sa wa banki iyaka, muka ce kada ya zare fiye da ɗari biyu. A watan ruwa muka yanke wannan shawara. Da zafi ya shigo bil ya wuce iyakar da 'yan kuɗi kaɗan, banki ya ƙi biya, bai kuma gaya wa kowa ba. Sai ga jar takarda ta gargaɗi. Ranar na ji kunya kamar an kama ni da sata. Na ce mata ta ɗaga iyakar. Ta ɗaga. Da ruwa ya dawo ta sauke, da zafi ya dawo ta manta, jar takarda ta sake zuwa.

Na ce, "Dakta, wannan hawa da sauka ya ishe ni. Cire iyakar nan gaba ɗaya."

Ta ce, "Manaja, ƙofa ba sakata fa ke nan."

"Nawa wutar za ta ci? Ko mun yi hauka ba za ta wuce ɗari uku ba. Ke ki ji da littattafanki, ni in ji da wuta."

Ta danna wayarta, lamba ta shigo, ta shigar, shi ke nan. Ni na sa aka cire. Ina son a riƙe wannan.

Sai ga korona. Aka yi kulle a cikin watan uku, daidai lokacin da zafi yake ɗaura ɗamara. Titin da ke ƙasan tagarmu, wanda ko da asuba ba ya rabuwa da babura, ya zama kamar an share shi. Mutum ɗaya ake bari ya fita cefane daga kowane gida, ni ne kuwa. Dakta ta koma karatu a kan teburin falo, yara suna ɗaki da darasi a waya. Mu huɗu a cikin akwati, yini da kwana.

Takardar wutar watan ba a kawo ta da hannu ba, a waya ta zo. Na miƙa mata ta karanta min, don rubutun Malay da Turanci ne. Ta leƙa da ido ɗaya, hannunta yana kan kwamfuta.

Ta ce, "Ƙiyasi ne. Sun ce masu karanta mita ba za su fito ba sai an buɗe gari. Sun ɗauki kuɗin watan da ya wuce sun maimaita."

Ɗari da tamanin. Kuɗin watan da gidan yake yini ba kowa sai ni da fanka.

Wanda bai zauna a Kano ba ba zai gane abin da na ji ba. A unguwarmu ƙiyasi muka tashi muka tarar. Babu mita a gidanmu, babu a shago. Ƙarshen wata a kawo maka takarda da adadin da aka ga dama, ka kunna ko kada ka kunna, kuɗin nan ne. Shi ya sa ba mai kashe ƙwan fitila da rana. Shi ya sa idan an kawo wuta kowa yake tashi da gudu, a jona dutsen guga, a jona firji, a jona hita, a ci rabo kafin a ɗauke. Wanda ya yi tsimin wuta a ƙarƙashin ƙiyasi wawa ne, ya bar wa masu wuta haƙƙinsa. Shekara arba'in na yi ina biyan wutar da ban sha ba. Yau ga ƙiyasi ya zo a ƙasar da ba a ɗauke wuta, kuma ya zo da arha. Na ce a raina, Allah ya kawo ranar ramuwa.

Na kunna esin falo. Na kunna na ɗakin yara. Na kunna namu. Ban kashe ba.

Dakta ta ɗago kai ta ce, "Manaja, yau kuma wace rana ce?"

Na ce, "Ƙiyasi ne, ba ke kika karanta ba? Ko mun sha ko ba mu sha ba, ɗari da tamanin ne."

Ita ma 'yar Kano ce, a gidan da ba mita ta girma. Ta ce, "Ka tabbata haka suke yi a nan?"

"Ƙiyasi ai ƙiyasi ne ko a ina. Ki sha sanyi ki yi rubutu."

Ta ja mayafi ta rufe kafaɗa, ta koma kan aikinta.

Wata na biyu takarda ta zo, ɗari da tamanin. Banki ya zare, waya ta yi ƙara, ban ko waiwaya ba. Azumi ya kama a cikin kullen. Wani ɗalibi Balarabe a hawa na shida yana neman kuɗin abinci, ya sa tsohuwar firizarsa a kasuwa, irin doguwar nan mai murfi a sama, na saya da arha, muka turo ta cikin lif. Tana gurnani kamar injin niƙa. Na sa ta a lungun kicin, na fara haɗa zoɓo da kunun aya ina daskarar da su. Ɗalibanmu 'yan Arewa da ke Bukit Jalil da Sri Petaling, gwauraye, ba mai dafa musu, suka riƙa turo masu babur suna ɗauka a bakin get. Wasu su turo ɗan abin da ya samu, da yawa sai godiya. Gas ya yi wuyar samu a makon farko, na koma dafa zoɓo da tuwo a kan murhun lantarki, ban kuma koma kan gas ɗin ba ko da ya samu. Me zai sa in sayi gas ga wuta a banza? A waya samarin suna ce min Baba mai zoɓo. Shekara biyu ba wanda ya kira ni da sunan wata sana'a. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

A gaban ƙofarmu akwai wani dattijo Bamalaye, ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, shi da matarsa kaɗai. Pakcik nake ce masa, wato kawu a bakinsu, shi kuma ya ce min Bos. Turancinsa da nawa duk guragu ne, da hannu muke ƙarasa zance. Wata rana da hantsi, ana saura kwana kaɗan salla, na fito zubar da shara na same shi tsaye a baranda da takunkumi a haɓa, yana kallon ruwan da ke ɗiga daga bututun esinmu. Ruwan ya yi hanya a ƙasa har ya fara kore.

Ya ce, "Bos, gidanka asibiti ne? Sanyi har ta ƙarƙashin ƙofa yake fitowa."

Na yi dariya na ce masa ƙiyasi ne, kuɗi ɗaya ne, shi ma ya kunna nasa ya huta.

Bai yi dariya ba. Ya ɗaga takunkumi ya rufe hanci, ya yafito ni da hannu. A ƙarshen barandar akwai wata ƙofar ƙarfe da kullum nake wucewa ban taɓa kula ta ba. A kulle take, amma tana da tsaga-tsaga na shan iska. Ya ce in leƙa. Na sunkuya na sa ido.

Mitoci shida ne a jere a cikin duhu, na gidaje shidan da ke hawanmu. Kowace tana da ɗan jan haske. Biyar suna ƙiftawa a hankali, kamar numfashin mai barci. Ta huɗu tana ƙiftawa ba tsayawa.

Ya ce, "Wannan taka ce."

Na ce ai ba a karantawa.

Ya ce, "Mai karantawa ne yake kulle. Mita ba ta kulle. Ranar da ya dawo zai duba lambar, a cire abin da ka biya, sauran a kawo maka duka a takarda ɗaya." Ya ɗaga tafin hannu yana hawa da shi kamar matakala. "Kuma a nan, in ka sha da yawa, na saman ya fi na ƙasan tsada."

Na tsaya da ledar shara a hannu. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Na tuna dai na ji gurnanin firizar nan ta cikin bango, abin da kunnena ya daina ji tun makonni.

Washegari na zo da fitilar waya da guntun kwali, na kwafi lambar da ke fuskar mitar. Na nemo tsohuwar takarda ta ƙarshe da aka karanta da hannu. Na kai wa Pakcik, yana daga cikin ƙofarsa ina daga waje. Ya sa tabarau, ya danna lissafi a wayarsa, ya goge, ya sake dannawa. Sai ya juyo min da fuskar wayar. Kuɗin ya haura dubu biyu, kuma watan bai ƙare ba.

Ban iya lissafin boko ba, amma na iya na kasuwa. Na san abin da ke cikin asusun, don ita ba ta ɓoye min. Kuɗin fasfo ne, cif, da ɗan abin cefane a kai. Alawus bai zo ba tun kafin kulle, an ce ofisoshin gida ma a rufe suke. Idan banki ya zare dubu biyu, mutum biyu a cikinmu ba su da biza. Ƙofar kuwa ba sakata, ni na cire.

Pakcik ya ce, "Gaya wa madam ta tsayar da bankin. Minti biyu ne. Boleh, zai yiwu."

Na ce to.

Na shiga gida na kashe esin falo. Na kashe na ɗakuna. Na zare firiza daga bango, gurnanin ya mutu, gidan ya yi tsit har Dakta ta ɗago.

"An ɗauke wuta ne? A Malesiya?"

Na ce, "Ƙaramar nan tana tari. Sanyin ya yi yawa."

"Yaushe ta yi tari?"

"Kina cikin karatu, ba ki ji ba."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Manaja, ka shayar da mu sanyi wata biyu har mun saba, yanzu kuma za ka gasa mu." Ta kunna fanka ta ci gaba da aikinta.

Samarin suka yi ta kira, Baba ina zoɓo. Na ce firiza ta lalace. Ƙanƙarar cikinta ta narke ta malalo tsakar kicin, na durƙusa na goge da tsumma.

Daga ranar aikina ya zama leƙen ƙofar ƙarfe. Shara sau uku nake fitarwa a yini, ko leda ba ta cika ba. Jan hasken ya rage gudu, ya dawo daidai da na maƙwabta, amma lambar ba ta komawa baya. Na sani, duk da haka ina leƙawa. A lokacin ne kuma labarai suka fara yawo a wayoyinmu, ana cewa ana zagaye gidajen baƙi a cikin gari, ana fito da mutane a jera su a titi, mai takarda ya koma ciki, marar takarda a hau da shi mota. Ban gani da idona ba. Hotuna dai na gani, maza a tsugune a layi, hannu a kan gwiwa. Wani a cikinsu ya yi kai irin nawa, furfura a gefe.

Na gwada gyara abin ba tare da ta sani ba. Ran nan na ce zan je kedai, wato kantin unguwa, na wuce banki. Layi har waje, kowa a kan jan zanen da aka yi masa a ƙasa. Aka auna zafin goshina, na rubuta suna a littafi, na jira awa biyu. Yarinyar da ke bayan gilas ta saurare ni da haƙuri, ta karɓi fasfona ta duba, ta ce asusun ba nawa ba ne. Mai asusun ce kaɗai za ta iya, kuma ba sai ta zo ba ma, a wayarta za ta yi. Na ce ni ne mijinta. Ta yi murmushi ta cikin takunkumi, ta sake cewa mai asusun ce kaɗai.

Na dawo a ƙafa, rana tana dukana. Magana ɗaya ce ta rage, kuma a falona take zaune.

Sau uku na buɗe baki. Na farko, tana kuka a kan wani babi da malaminta ya dawo mata da shi duk jan rubutu, na ce ba yau ba. Na biyu ranar salla ce, ta yi ado ba inda za ta, yara suna ɗaukar hoto a jikin labule, na ce ba yau ba. Na uku ba wani dalili. Ta kawo min shayi, ta zauna kusa da ni, ta ce, "Wallahi da ba ka biyo ni ba da ban san yadda zan yi ba. Ko takardar wuta ban san kalarta ba." Na sha shayin.

Mutane za su ce girman kai ne. Wataƙila. Ni abin da na sani, mace ta karanta littattafan da ban iya ɗaga su ba, abu ɗaya tak ta bar min, shi ma ta tambaye ni ko na tabbata, na ce ta yi shiru. Kullum sai in ce gobe, idan na samo bakin zaren. Na riƙa yi wa kaina ƙarya kuma, wai wataƙila gwamnati ta yafe, wai wataƙila mai karanta mita ba zai dawo ba sai bayan an biya kuɗin fasfo.

Ya dawo ranar wata Talata, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ina falo na ji ƙarar makulli a ƙofar ƙarfen. Na fito. Ɗan siriri ne da rigar aiki da takunkumi biyu, da wata na'ura a rataye a wuya. Ya haska, ya danna, na'urar ta tofo takarda. Ya yi na gida na ɗaya, na biyu, na uku. A ta huɗu ya tsaya, ya sake haskawa, ya matsa kusa ya duba da kyau. Ya waiwayo ya ga ni tsaye.

Ya ce, "Naka ne?"

Na ce nawa ne.

Ya yage takardar ya miƙo min da yatsa biyu, ya girgiza kai kaɗan, ya wuce ta biyar.

Dubu biyu da ɗari uku da 'yan kai. Na iya karanta lamba. Na ninke ta huɗu na sa a cikin hulata, na mayar da hular kaina. Da na shiga, Dakta ta ce wa ye a waje. Na ce masu gyara ne.

A daren farko ban cire hular ba sai da ta yi barci. Kwana goma nake da su, a lissafina. Ranar Laraba ta ce min ofishin makaranta ya buɗe karɓar takardu, ta samu layi ranar Litinin mai zuwa, za ta biya na mu huɗu a wuce wurin. Na ƙirga a yatsa. Talata zuwa Litinin kwana shida. Na ce a raina, to ai shi ke nan, ita za ta riga banki. In ta biya, banki ya zo ya tarar ba komai, a kawo jar takarda, jar takarda kuwa ba ta kai mutum gidan yari. Har na ci abinci da yawa ranar.

Ban san cewa kullen ya rikita ranakun ba. Kwana goman da na saba ƙirgawa daga zuwan mai takarda ne, amma banki ba da zuwansa yake aiki ba, da tasa ranar ta kowane wata yake aiki, kuma mutumin ya zo a makare.

Ranar Juma'a da safe tana magana da malaminta ta kwamfuta, ta sa abin ji a kunne, tana ta cewa to, to, da Turanci. Wayarta tana kan hannun kujera kusa da ni. Ina yankan albasa a faranti. Wayar ta yi ƙara, irin 'yar ƙarar nan ta banki. Na san ta. Na ajiye wuƙar.

Ba ta duba ba sai da ta gama, kusan rabin awa. Na zauna ina kallon wayar. Ta cire abin kunne, ta yi miƙa, ta ɗauka. Ta karanta. Ta sake karantawa. Ta ce, "Sun yi kuskure. Sun ƙara sifili."

Na cire hulata, na zaro takardar, na ajiye mata a kan kwamfuta. Ta yi laushi da gumi.

Ta warware ta a hankali. Ta daɗe tana dubawa. Sai ta sa yatsa a saman takardar, inda kwanan wata yake.

"Talata," in ji ta.

Na ce eh.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin salla."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi min. Ta tashi ta rufe ƙofar ɗakin yara, ta dawo ta zauna, ta juya takardar ta karanta bayanta.

Ta ce, "Ka san me aka rubuta a nan? Sun ce saboda annoba ba za su yanke wa kowa wuta ba yanzu, kuma wanda bil ya yi wa yawa zai iya biya kaɗan-kaɗan. Takardar nan a kanka take tun Talata. Da ka miƙo min, da na tsayar da banki kafin shayi ya huce."

Na ce, "Ban iya karantawa ba."

Ta ce, "Ni na iya, Baban yara. Ga ni a falo."

Ba ta ƙara ce min Manaja ba daga ranar.

Ta kira banki, suka ce kuɗin ya riga ya fita, kuma bisa umarninta ne. Ta kira masu wuta, suka ce bil ɗin daidai ne, abin da aka biya an biya. Ba wanda ya cuce mu. Na so a ce akwai.

Asabar da Lahadi muka yi ta haɗe-haɗe. Na sayar da firizar a rabin kuɗinta. Ta cire 'yan kunnenta na zinare, na aurenmu, ta kai wani kanti. Ta kira ƙawayenta biyu, su ma alawus ɗinsu bai zo ba. Na kira ƙanena, ya ce kasuwa a rufe take, ko taya ɗaya bai sayar ba tun azumi. Yammacin Lahadi ta jera fasfo huɗu a kan tebur, ta rubuta lamba a takarda, ta ja layi. Kuɗin mutum uku ne.

Ta zuba wa fasfunan ido. Na miƙa hannu na zare nawa daga layin, na sa a aljihu. Ba ta ce in mayar ba. Ba ta da yadda za ta ce.

Bizata ta mutu bayan mako uku. Wasu sun ce akwai sassauci saboda annoba, wasu sun ce wannan na 'yan yawon buɗe ido ne, ba na irinmu ba. Ban je na gwada da jikina ba. A daidai lokacin aka fara sassauta kulle. Babura suka dawo titi, mamak ɗin ƙasan gidanmu, wato shagon abincin da nake shan shayi a cikinsa da safe, ya fito da kujerunsa, masallaci ya fara buɗewa. Kowa ya fita. Ni nawa kullen ranar ya fara. Cefane ya koma hannun Dakta, ta dawo daga makaranta da leda a hannu biyu. Makullin akwatin wasiƙu na ajiye mata a kan firji, ta ɗauka. Ta mayar wa banki iyaka da hannunta, ta rubuta a jikin kalanda watan da za ta ɗaga da watan da za ta sauke. Wani lokaci Pakcik yakan rataya min ledar abinci a hannun ƙofa, ya ƙwanƙwasa sau biyu, don in san shi ne.

Wata biyar na yi a haka kafin alawus ya zo a biya tara a gyara min takarda. Ban taka ko bakin lif ba. Fanka ɗaya nake kunnawa, ita ma sai zafi ya kai min wuya. Na koyi muryar lif ɗin nan kamar muryar mutum. Idan ya wuce hawanmu in ci gaba da abin da nake yi. Idan ya tsaya, in tsaya.

A wata na farko, wata rana da hantsi, ni kaɗai a gida, lif ya tsaya. Na ji takun takalmi mai nauyi, ba na Pakcik ba, ba na mata ba. Takun ya zo daidai ƙofarmu ya yi shiru. Na tashi na sa hula, na ɗauki fasfona da matacciyar bizar a ciki, na tsaya a tsakiyar falo ina fuskantar ƙofa. Ban yi addu'a ba ma. Na ji ana taɓa ƙarfen ƙofar waje.

Sai wata 'yar doguwar takarda ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ta tsaya a kan tabarma. Takun ya wuce gida na gaba.

Na daɗe kafin in sunkuya. Ban duba lambar ba. Na ɗora takardar a kan kwamfutarta, na danne da kofi don kada fanka ta ɗauke, na koma kujera da fasfon a hannuna, ina jiran lif ya sauka.